Maman Kwalba da Wayar Masana Guba

A unguwarmu idan ka tambayi gidan tela, za a ce maka wane telan, don muna da yawa. Amma ka ce gidan Maman Kwalba kake nema, ko yaron da bai gama iya magana ba zai ja hannunka har ƙofarmu. Ni ne telan, ni ne kuma mijinta. Tun abin yana yi mini ciwo har na saba. Yanzu ma idan na je wani wuri ba a gane ni ba, da bakina nake cewa mijin Maman Kwalba ne, sai ka ga an miƙo kujera.

Sunan daga aikinta ya samo asali. Matata masaniyar guba ce, a ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti take aiki. Idan aka kawo wanda ya sha abin da bai kamata ba, ko ya shaƙi maganin ƙwari wajen feshi, ko magani ya yi masa yawa, likita zai ɗebi jininsa ya aika mata, ita kuma ta gano abin da ya shiga jikinsa da yawansa. Maƙwabta ba ruwansu da wannan dogon bayanin, su dai likita ce. Yaro ya lashi wani abu, uwarsa za ta rugo gidanmu da takalmi ƙafa ɗaya, ita kuwa tun kafin ta amsa gaisuwa za ta ce, "Ina kwalbar? Koma ki kawo kwalbar abin da ya sha." Da haka sunan ya bi ta. Har 'ya'yanmu da shi suke tsokanarta, amma sai sun tabbatar sun yi nisan da hannunta ba zai kai ba.

Tana ɗaliba na fara ganinta. Ta kawo farar rigar aiki da aka ba su a makaranta, hannun ya yi mata tsawo har ya rufe yatsunta, ta ce in rage. Na shimfiɗa rigar a teburin yanka, na auna da tef, na ɗauki alli zan yi alama, ta ce in sake aunawa. Na sake, ta ce in ƙara. Na ce, "Malama, riga ce fa, ba gada zan gina ba." Ta ce hannun riga in ya yi tsawo zai iya tsoma kansa cikin abin da zai ƙone mata fata. Raina ya ɓaci a ranar, amma sai na tsinci kaina ina jan aikin don ta yi ta dawowa. Rigar da ba ta kai aikin yini ba sai da ta yi kwanaki a shagona.

Zama da irin wannan mace sai mai haƙuri, ni kuwa ba a shaide ni da yawansa ba. A gidanmu ba a juye komai a kwalbar lemo. Bilic na wanki, kananzir, maganin ɓera da duk wani magani, suna cikin kabad ɗin saman kicin, an garƙame da kwado, mukullin yana rataye a wuyanta har sai da autarmu ta shiga sakandare. Sannan ba ka tambayarta abu ta ba ka amsa kai tsaye. "Maman yara, wannan kifin gwangwanin bai lalace ba kuwa?" Sai ta ce ya danganta. "Yawan shan shayi yana da illa?" Sai ta ce nawa ne yawan. A wurinta komai guba ne idan ya wuce ƙima, har ruwan sha. Wata rana na gaji na tambaye ta ko tana sona, na ce in ta kuskura ta ce ya danganta, a shago zan koma da kwana. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zuba mini shayi, aka wuce wurin.

Wannan hali ba da shi aka haife ta ba, koya mata aka yi. Malaminta na jami'a, wanda kowa ke kira Farfesa, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masana guba, kuma fiye da rabin 'yan ƙungiyar ta hannunsa suka biyo. Dogon tsoho ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kalmomin za su ƙare. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ba ka auna ba, kada ka faɗa. Ya ɗauki matata tamkar 'yar cikinsa, ni kuma yana kirana surukinsa. Ni nake masa ɗinki, kuma duk zuwansa shago ba ya zama sai ya tambayi lafiyarta da ta yara. Ita kuwa ko a waya suke magana, sai ka ga ta gyara zama.

Ƙungiyar tasu ta tara masu gwaje-gwaje irinta, da likitoci, da masu harhaɗa magunguna, da likitocin dabbobi, da masu duba ruwan sha. Duk shekara suna taro a zauren wani otal. Na san cikin zauren sarai, don ni nake ɗinka musu jakunkunan da ake raba wa mahalarta. Mutanen kirki ne, Allah ya sani, amma taronsu maganin rashin barci ne. Wani zai tashi ya nuna zane a bango, wani ya yi masa gyara, wani ya gyara gyaran. Suna da mujalla mai kyawun bango, wadda a ganina masu rubutu a ciki su ne masu karanta ta.

Abin da ke cin matata ban san shi ba sai wata rana da ta dawo daga aiki ta zauna a bakin gado da jaka a kafaɗa, ko takalmi ba ta cire ba. Na tambaye ta lafiya.

Ta ce, "Baban yara, ka san ni ban taɓa ganin fuskar marasa lafiyata ba? 'Yar kwalbar jini ake kawo mini da lamba a jiki. Na yau yaro ne, kananzir ya kurɓa. Da an bar shi an kawo shi haka, da sauƙi. Amma sai da aka ɗura masa man ja, aka sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai, abin ya faɗa huhu. Uwarsa taimakonsa take yi, ba wanda ya gaya mata. Ni kuma sai bayan an gama komai ake kawo mini in auna. Aikina ihu bayan hari ne."

Tun daga ranar take maganar waya. Lamba ɗaya da kowa zai iya bugawa, masanin guba ya ɗauka nan take ya gaya wa mutum abin da zai yi da wanda ba zai yi ba. Shekara da shekaru tana wannan maganar, ni kaɗai ne mai saurare, wani lokacin ma keken ɗinki yana tafiya.

Tsarin ƙungiyarsu shi ne shugaba wa'adi ɗaya yake yi, kuma ranar da aka zaɓe shi zai tashi ya faɗi inda zai nufa da su. Wani ya zo ya ce mujalla, aka yi mujalla. Wani ya ce ofishin kansu, aka kafa harsashi, ciyawa ta ci gaba da ginin. Wani ya ce a gayyato masana daga ƙasashen waje, suka zo suka yi jawabi, aka ɗauki hotuna. Da furfura ta fara fito wa matata, Farfesa da kansa ya tsayar da ita, aka zaɓe ta ba gardama. Ina can baya wajen jakunkuna ta hau mumbari, tana gyara gilashinta.

Ta ce, "Mujalla za ta ci gaba da fita. Horar da matasa ba za mu sake shi ba. Ginin kuwa ya jira, ba gudu zai yi ba. Abin da zan sa a gaba ɗaya ne, waya. Mun daɗe muna magana da junanmu. Ina so mu fara magana da matar da ɗanta ya sha abu a kicin, tun kafin ta yi masa abin da zai ƙara cutar da shi."

Matasa suka yi tafi, manya suka kalli juna. A ƙarshe aka amince a gwada har zuwa taron shekara mai zuwa. A can ne majalisar dattawan ƙungiya za ta yanke ko wayar ta ci gaba ko a rufe ta. Farfesa ne shugaban majalisar, kuma kowa ya san abin da ya ce shi ake yi. Wato burin da matata ta daɗe tana goyo, shekara guda aka ba shi ya nuna kansa.

Wayar wata baƙa ce mai arha, ba ta da wani ado. Ranakun aiki tana wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin gwaje-gwaje, da tebur da kujera da littattafai, 'yan ƙungiya suna karɓa-karɓa. Ƙarshen mako kuma wanda jadawali ya faɗo kansa ya tafi da ita gida. Aka faɗi lambar a rediyo, aka manna ta a shagunan magani. Da farko kira ya yi ta shigowa kamar ruwan sama, matata tana dawowa gida bakinta har kunne. Bayan 'yan watanni sai abin ya fara ja baya. Wayar ta koma yini guda a kan tebur ba ta yi ko tari ba, mai tsaronta yana ta hamma.

Ruwa ba ya tsami banza. Maƙwabciyarmu mai kitso ce ta fasa mana ƙwan. Ta shigo aron dutsen guga, matata ta tambaye ta ko ta san lambar ƙungiya.

Mai kitso ta ce, "Maman Kwalba, kada ki tona mini ciwo. Kwanaki ɗana ya gatsi sabulun wanka, ba kya gida, na buga. Wani ya ɗauka, ya tambaye ni nauyin yaro, kamar ina da sikeli a ɗaki. Ya tambaye ni girman abin da ya gutsura. Na amsa duka. Da ya gama sai ya ce in kai shi asibiti."

"Kika kai shi?"

"Na bar kan mata rabi a tsefe, na rufe shago, na ƙetare gari. Na bi layi har rana ta karkata. Likita ya dubi yaro yana cin burodi yana wasa da takalmina, ya yi dariya ya ce mu koma gida. Matar mai wanki ma haka aka yi mata, 'yarta kyandir ta tauna. Ai wayar nan taku ba cinya ba ce, ƙafar baya. Ko me ka ce musu, asibiti. To in asibitin ne, ba sai an gaya mini hanya ba."

Ta ɗauki dutsen guga ta fita, ta bar matata a tsaye. Washegari matata ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, sai ta tarar duk kanwar ja ce. Yaro ya lashi man shafawa, asibiti. Ya tauna alli, asibiti. Tun da aka kunna wayar ba a sami mutum ɗaya da ya iya buɗe baki ya ce wa uwa ba komai, zauna a gida ba. Kowa ya san abin ba ya cutarwa, ya karanta, ya koyar, amma bai ga yaron ba, bai auna ba, don haka ba zai faɗa ba. Ita kanta shugabar da ta tuna kiran da ta amsa, haka ta yi ta yi. Abin da ya fi tayar mata da hankali, wadda aka wahalar a banza saboda sabulu ba za ta sake bugawa ba ranar da ɗanta ya sha maganin ƙwari na gaske.

Na ga ta shiga damuwa, na ce bari in ba da tawa gudummawar. Na ce, "Maman yara, mu ma fa muna awo. Amma komai daɗewar awo, sai an sa almakashi."

Ta kalle ni ta saman gilashi ta ce, "Kai in ka yanka ba daidai ba, wani yadin za a sayo. Ni kuwa ɗan mutane ne a hannuna." Na koma kan ɗinkina, don ta fi ni gaskiya.

Duk da haka ba ta zauna ba. Ta tara waɗanda suka yarda, suka yi ta zama suna tantance kayan gida da aka tabbatar kaɗan daga cikinsu ba ya cutarwa. Idan irinsu ne, mai amsa waya zai sa a karanta masa abin da ke jikin mazubin, ya tabbatar yaro yana numfashi daidai, idonsa biyu, sannan ya faɗa ƙarara cewa a zauna a gida. Kuma shi da kansa zai sake kira a ranar ya ji yadda ake ciki. Idan kuwa abu mai haɗari ne, kafin kowace tambaya zai fara da cewa kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai, a tafi yanzu.

Saura a gaya wa Farfesa. Na kai ta a tsohuwar motata, na fake da cewa ɗinkinsa na kawo. Falonsa littattafai ne har rufi, da fanka mai ƙara, da kujerun da suka girmi 'ya'yanmu. Ya sa aka kawo shayi, ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

Sannan ya ce, "Ta waya ba ki ga yaro ba, ba ki ga kwalba ba. Uwar da ta ruɗe za ta ce miki sabulu ne, alhali sodar haɗa sabulu ce. Ranar da kika ce ba komai, yaro ya mutu, me za ki ce wa iyayensa?"

Ta ce, "Malam, shi ya sa za mu sa a karanta mana, kuma mu sake kira."

"Idan ba ta iya karatu ba fa?"

"Sai mu ce ta tafi asibiti. Amma Malam, in kowa muka tura, ba wanda zai ƙara kiranmu. Waɗanda ba su kira ba ma suna mutuwa, sai dai ba a bakinmu ba."

Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Na taɓa tsayawa a kan gawar yaron da wani ya ce wa uwarsa ba komai. Ban raine ku don ku yi ta zato ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ke ce shugaba, ki yi yadda kika ga dama har taro. A taro kuma zan ce a rufe ta."

Ni dai ina gefe da ƙunshin ɗinki a cinya, raina yana tafasa, amma ban iya cewa tsohon ya yi ƙarya ba. Muka shiga mota muka dawo gida. Matata tana son mutumin nan kamar ubanta, kuma tun da take ba ta taɓa yi masa musu ba sai ranar.

Ta ci gaba da sabon tsarin. Wasu daga cikin manya suka zare hannunsu daga jadawali, matasa suka cike gurbin. A hankali kira ya fara dawowa, don labari ya bazu cewa yanzu masu wayar suna ba da amsa. Har abin ya so ya yi yawa. Wani ya bugo yana neman maganin da zai hana shi gyangyaɗi a ofis. Wata ta bugo kan kajinta, likitan dabbobin da ke riƙe da wayar ranar ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Akwai kuma kiran gaske, wanda aka hana uwa sa yaro amai, ya isa asibiti da huhunsa lafiya. Irin wannan ranar matata takan dawo tana waƙa a kicin, ita da ba ta da murya.

Sai dai kowane "ba komai" da ta faɗa, a jikinta yake fita. Daga lokacin da ta ajiye waya har lokacin da za ta sake kira, ba ta iya cin abinci. Ta rame, sai da na rage mata riguna. Farfesa kuma ya koma aiko direbansa da ɗinki maimakon ya zo da kansa. Ba ta yi ƙorafi ba, amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ni ma ya yi mini. Ga taro yana ta matsowa.

Wata Asabar da hantsi, saura kaɗan a yi taron, wayar tana gidanmu. Ina falo ina datse zaren jakunkunan taro, ita tana tsakar gida tana wanki, hannunta duk kumfa. Wayar ta yi ƙara. Na kai mata, ta ce in danna in sa a lasifika in riƙe mata. Wata murya ta fito, ta tsoho, tana haki, ba sallama ba gaisuwa.

"Jikata ce. Ta ci abu. Iyayenta sun fita, ni kaɗai ne da ita."

Matata ta daskare, kumfa tana ɗiga daga yatsunta. Ta ce, "Malam?"

Farfesa ne. Ashe takalmi ya saya wa jikar, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ya juya ya ɗauko gilashinsa, kafin ya waiwayo ta yage ɗan farin ƙunshin nan da ake sakawa a kwalin sabon takalmi don ya shanye danshi, ta watsa ƙwayoyin a baki. Ya ce, "Na ɗauki mukullin mota, hannuna ya kasa buɗe ƙofar. Lambar nan ce kawai ta zo mini."

Ina riƙe da wayar ina kallon fuskarta, kuma na san lissafin da take yi. In ta ce ya kai ta asibiti, ba mai zarginta, ai shi ya koya mata haka. In ta ce ba komai, wani abu ya sami yarinyar, ta rasa wayar, ta rasa malaminta, kuma ba za ta taɓa yafe wa kanta ba. Ni da nake tela, wallahi da ni ne asibiti zan ce.

Ta goge hannunta a zaninta, ta karɓi wayar. Muryarta ta koma ta aiki.

"Malam, ɗauko ƙunshin ka karanta mini abin da ke jiki."

Ya karanta, yana tuntuɓe da kalmomin da ya yi rabin rayuwarsa yana rubutawa a allo.

"Ƙwayoyin farare ne, ko masu launi?"

"Farare ne."

"Takardar fa, ta haɗiye ta?"

"Tana hannuna."

"Tana tari? Tana shaƙewa?"

Kafin ya amsa, yarinyar ta callara wani ihu da ya cika tsakar gidanmu ta cikin waya. Ya ce kuka take yi don ya ƙwace takalmin. Matata ta ce, "Mai wannan ihun numfashinta lafiya lau." Ta ja numfashi, ta rufe ido. "Malam, ba komai. Ka share mata baki, ka ba ta ruwa ta sha, ka mayar mata da takalminta. Ka ajiye mukullin mota. In ka ga tari ko wani canji ka bugo, in ba haka ba zan kira ka bayan azahar."

Yarinya ta ci gaba da kukanta. Can ya ce, "Na sani. Ni na koya miki wannan."

"Haka ne, Malam."

"To sake faɗa mini."

Ta sake faɗa, a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa duk uwar da ta bugo a ruɗe. Ya ce to, ya kashe.

Ta zauna a kan kujerar wanki da wayar a cinya, ba ta ƙara taɓa ruwan ba. Na kawo mata shayi ya huce a gabanta. Ni da ba na rasa abin tsokana, ranar na rasa. Na koma falo na ci gaba da datse zare, amma rabin hankalina yana tsakar gida. Ana idar da azahar na fito wurinta, ta danna lambarsa ta sa a lasifika.

Abin da muka fara ji ƙwas-ƙwas ne a kan siminti, yarinya tana zagaye falo da sabon takalmi tana surutu. Farfesa ya ce ta sha ruwa, ta ci abinci, ta kuma zubar masa da littattafai. Muryarsa ta dawo daidai, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya.

Ya ce, "Har yanzu ina ganin kasada ce, kuma a taro zan faɗi haka. Akwai abubuwan da zan so a cire daga cikin waɗanda kuka ce ba sa cutarwa. Za mu yi faɗa a kansu."

Ta ce, "Na yarda, Malam."

"Amma ba zan ce a rufe ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni da na san amsar, na tsaya a tsakiyar falo kamar ban taɓa shiga aji ba. Tun ɗazu nake tunanin wadda ba ta san komai ba, ita kaɗai a ɗaki da ɗanta. Da na buga na ji wayar a kashe fa?"

Bai jira amsa ba ya yi sallama. Matata ta kifa kai a gwiwa ta yi ta kuka, irin wanda ban ga ta yi ba tun rasuwar mahaifinta. Ban rarrashe ta ba, don kukan daɗi ne, kuma ta daɗe da cancantarsa. Na tsaya a kanta ina jin wani alfahari da ya cika mini ƙirji. Da ta ɗago, idonta jajir, abin da ta fara cewa shi ne in duba mata cajin wayar, kada ta mutu wani yana nema.